Ɗan daudu a gida: ina iyali za su nufa idan damuwa ta kai maƙura?

Akwai maganar da ba a yin ta a fada, ba a yin ta a gidan biki, sai a ɗakin inna bayan an turo ƙofa. Yaro ya taso tafiyarsa ta mata, maganarsa ta mata, ya fi son zama gindin murhu a kan zuwa filin ƙwallo. An yi faɗa, an yi duka, an kai shi wajen malam ya sha rubutu, yana nan yadda yake. Wani har yakan buɗe baki ya ce shi a ransa mace yake jin kansa. Haka ma ana samun ɗiya mace da ke jin ita namiji ce. Yau ba hukunci muka zo yankewa ba, wannan yana da masu shi. Abin da ya kawo mu shi ne ranar da yaron ya daina ci, ya daina barci, ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta. A wannan rana me uwa za ta yi, ina uba zai nufa?

Bari mu fara raba abubuwan da mutane ke haɗawa. Mata-maza halitta ce ta jiki: an haifi jinjiri, ungozoma ta duba ta kasa cewa namiji ne ko mace. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna shi, har da rabonsa a babin gado. Irin wannan jinjiri a kai shi asibiti tun satin farko, domin wani nau'insa yana zuwa da ciwon da ke zubar da gishirin jiki, yana iya kisa cikin ƴan makwanni. Ɗan daudu kuwa tsohon abu ne a ƙasar Hausa, daga Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram. An san su da sayar da abinci a tasha da girkin biki, wasu kuma da wasan bori. Sai waɗanda kafafen labarai ke kira masu sauya jinsi, wato wanda abin da yake ji a ransa ya saɓa da jinsin da aka haife shi da shi, ko da bai taɓa sauya komai a jikinsa ba. Ba kowane ɗan daudu ne yake jin haka ba, amma gorin da suke sha a unguwa iri ɗaya ne.

Hukumar lafiya ta duniya OMS, a sabon kundin cututtuka da aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022, ta cire wannan hali daga jerin cututtukan taɓin hankali. Ma'ana, a wurin likitoci wannan mutum ba mahaukaci ba ne. Amma yana iya kamuwa da ciwon damuwa kamar kowa, kuma ya fi saurin kamuwa, saboda abin da yake kwana da shi yake tashi da shi: yara na bin sa da waƙa, an kore shi daga lakwal ko wurin koyon sana'a, a gida ba mai cin kwano ɗaya da shi. Binciken da aka yi a ƙasashen waje ya sha nuna abu guda, cewa wanda danginsa suka kore shi ya fi shiga haɗarin kashe kansa a kan wanda aka bari a gida, ko da ba a yarda da halinsa ba.

Ga kuma tsoro. A nan Nijar, kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya haramta ayyukan da ake kira LGBTQIA+, kuma ya ambaci masu sauya jinsi. A Najeriya akwai dokar 2014 da ta hana auren jinsi da ƙungiyoyinsu. Shi ya sa iyali da yawa ke rufe bakinsu, yaro na lalacewa a ɗaki ana cewa zazzaɓi ne. To, mu dai abin da muka sani shi ne wanda ya je asibiti da rashin barci da tunanin mutuwa marar lafiya ne, kuma riƙe sirrin marar lafiya yana cikin ƙa'idar aikin likita. Ba dole ba ne ka zazzage komai a gaban mai yankan tikiti. Ka ce ba ya barci, ba ya ci, yana maganar mutuwa. Wannan ya isa a fara duba shi. Sauran bayani shi yaron ne zai ga ko ya yarda da likitan.

Alamomin ba su da wuyar ganewa in an lura. Mai surutu ya koma shiru. Ya fara rabar da kayansa, salularsa ga ƙane, tukunyarsa ga maƙwabciya. Yana neman gafarar mutane ba tare da wata tafiya a gabansa ba. Ya shiga shan tiramol, ko ya ƙara a kan yadda yake sha. Wadda ta fi ruɗar iyaye ita ce mutum ya daɗe cikin baƙin ciki, kwatsam a wayi gari ya sake yana fara'a, a ce alhamdu lillahi ya warke, alhali wani lokaci shawara ce ya riga ya yanke.

In kun ga haka, ku tambaye shi kai tsaye. Mun san abin yana da nauyi a baki, mutane na cewa kada a sa masa tunanin a rai. OMS ta bayyana cewa tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Uwa ta zauna kusa da shi ta ce: "Ɗana, na ga ba ka jin daɗi kwanan nan. Faɗa mini gaskiya, kana tunanin kashe kanka ne?" In ya ce e, ba lokacin salati da kururuwa ba ne, ba kuma lokacin wa'azin wuta ba, ya san wannan tun yana makarantar allo. A bar shi ya yi magana har ya gaji. Kada a bar shi shi kaɗai a daren. A kwashe maganin ƙwari na gona, maganin ɓera, ƙwayoyin asibiti, igiya, da bindiga in gidan mafarauta ne, a kai gidan wani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar manoma: cikin mutum sama da 700,000 da ke kashe kansu a duniya kowace shekara, kusan ɗaya cikin biyar maganin ƙwari suke sha. Zafin tunanin yakan zo ne ya lafa, in ba abin a kusa mutum yakan kai safe.

Idan kuwa ya riga ya sha, kada a tsaya ɗura masa madara ko man gyaɗa, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, amai na iya komawa cikin huhu. A ɗauki kwalbar ko ledar abin da ya sha a tafi da ita asibiti mafi kusa. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta motar agajin gaggawa SAMU a Yamai 15. A ƙauye, duk abin hawan da aka samu.

Wanda bai kai nan ba, ƙofar farko ita ce CSI ta unguwa ko ta gari, daga nan a tura shi asibitin gunduma ko na jaha. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu taɓin hankali da damuwa, wanda mutane suka fi sani da Pavillon E, babban asibitin Damagaram ma yana da nasa. Sunan wurin kaɗai na tsorata wasu, amma ba duk mai zuwa can ake kwantarwa ba, da yawa ganin likita suke su koma gida. In an ba da maganin damuwa a yi haƙuri da shi, yakan ɗauki makwanni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya ba tare da sanin likita ba. Wanda kuma ya ci karo da ma'aikacin da ya yi masa wulaƙanci, ana samu, ya nemi wani, kada ya ce ya bar asibiti ke nan.

Matasa masu salula su yi hattara. Lambobin da za ku gani a intanet, kamar 988 ko Trans Lifeline, na Amurka da Kanada ne, ba za su turo maka kowa a Tawa ba. Sannan akwai masu shiga Facebook da WhatsApp da sunan abota, su karɓi hoto da sirri, daga baya su ce a turo kuɗi ko su watsa. Mutum ɗaya na gida da ka san fuskarsa, gwaggo ce ko kawu ko tsohon mushenka, ya fi ɗari a waya.

Iyayen ma suna bukatar mai saurarensu, wannan kuwa an fi mantawa da shi. Uwa ce ke shan habaici a gidan suna, a ce ita ta ɓata shi da aiken kicin. Uba ya daina zama a majalisa. Ƴan'uwa mata na fargabar manema za su gudu. Daga nan ne wani uban ke cewa ya fita ya bar masa gida, don ya wanke kansa a idon jama'a. Amma Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda aka kora tasha zai kwana, inda ƙwaya da duka ke jiransa. In zaman ya gagara, gara a kai shi wajen kaka ko wani ɗan'uwa a wani gari, a riƙa kiransa, ya san ƙofa ba a kulle take ba. Malamin da za a je wa kuma a zaɓi mai riƙe magana, wanda zai yi addu'a ya kuma ce a je asibiti, ba mai mari da bulala da sunan cire aljani ba.

Wanda aka sallamo daga asibiti bayan ya gwada kashe kansa, makwannin farko su ne mafiya haɗari. A samu mai kwana ɗaki ɗaya da shi, maganinsa ya zauna a hannun inna tana ba shi na yini-yini, ranar komawa ganin likita kuma wani ya raka shi.