Dusar ƙanƙara a inda ƴan uwanmu suke: yadda ake hasashenta, da abin da hasashen ba ya iya faɗa

Duk shekara in ɗari ya shigo, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a layin talhonmu. Wata tsohuwa ta kira mu daga ƙauye, ta ce jikanta ya nuna mata hoto a waya, motoci sun nutse cikin farin abu har rufi, an ce mata Amurka ce, ɗanta kuwa can yake tuƙin taksi, kwana biyu ba ta ji muryarsa ba. Muka ce, Inna, wane gari yake? Ta ce Niyok. Hoton kuwa na wani gari ne mai nisan gaske. Muka kwantar mata da hankali, amma mun ga ya kamata mu zauna mu yi bayanin abin daki-daki, don na gida su san abin da suke ji, na waje kuma, musamman sababbin zuwa, su san wane hasashe za su riƙe.

Mu fara da awo, don nan ake fara ruɗewa. In ɗan uwanku a Amurka ya ce yau digiri 20 ne, kada ku ce ai da daɗi, kamar safiyar Janairu a Maradi. Ma'auninsu daban ne da namu. A nasu ruwa yana daskarewa a 32, a namu a sifili. Digiri 20 nasu kusan 7 ne ƙasa da sifili a namu. Kanada, Faransa da Baljika su kam ma'auninmu ɗaya da su.

Ita kanta dusar, ba a auna ta kamar yadda ake auna ruwan sama a ma'aunin da ke gidan hakimi ko ofishin noma. Farin allo ake ajiyewa a fili, a zo da sandar awo a duba tsayin abin da ya taru, a share allon, a sake jira. Da santimita ake faɗa, ko inci a Amurka. Kuma tsayin yana ruɗi: galibi santimita 10 na dusa in ya narke, bai wuce ruwan milimita 10 ba, ruwan da manomi zai ce bai kai na shuka ba. Amma wannan ɗin ya isa ya hana mota tafiya. Wata dusar busasshiya ce kamar gari, iska ke kwasarta. Wata jiƙaƙƙa ce mai nauyi, ita ce ke karya rassan itace da igiyoyin wuta.

Garuruwa kuma ba ɗaya suke ba. Niyok, inda ƴan Nijar da yawa suke a Harlem da Bronx, na samun kimanin santimita 75 a hunturu guda in an yi matsakaici. Montreyal ta Kanada na samun sama da mita 2. Greensboro, wani garin da ƴan ƙasarmu suka yi yawa, kaɗan take samu, amma can ruwan sama ne ke daskarewa bisa hanya ya zama kamar gilashi, kuma da yake garin bai da motocin share hanya da yawa kamar na arewa, ɗan kaɗan ke tsayar da komai. Ko nan Afirka tana sauka jefi-jefi: garin Ain Sefra na Aljeriya, bakin Sahara, ya ga dusa bisa rairayi a Disamba 2016 da Janairu 2018.

To, yanzu ga gundarin maganar. Hasashe iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su wuri guda.

Na farko shi ne hasashen zango, wato na watanni uku gaba. A Amurka hukumar NOAA ce ke fitar da shi cikin watan Oktoba. Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu, don irinsa muke karanta muku kowace shekara kafin damina, wanda masana ke fitarwa a taron PRESASS tare da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD, duka biyun a Yamai suke. Kun san yadda yake zuwa: ba a cewa ranar kaza za a yi ruwa a garin kaza. Ana cewa dai damina ta fi karkata ga yawan ruwa, ko matsakaici, ko ƙaranci, a ba kowane ɗaya kashinsa cikin ɗari. Na hunturun can ma haka yake. Yana faɗin inda sanyi zai iya fin na kullum ko ya kasa, da inda danshi zai yi yawa. NOAA da kanta tana cewa wannan hasashe ba ya faɗin yawan dusar da za ta sauka, don guguwar dusa ba ta ganuwa da kyau sai ta rage kamar mako guda.

Da me suke dogara? Babban abin dubawa shi ne ɗumin ruwan tekun Fasifik. In tsakiyarsa da gabashinsa suka yi ɗumi fiye da kima, ana ce ma abin El Nino. In suka yi sanyi, La Nina. Teku ba ya sauya hali da sauri, shi ya sa ake iya jingina da shi a hango watanni. Wannan ɗumi ko sanyi yana karkata hanyar babbar iskar da ke gudana can sama, ita kuma ke jan guguwa zuwa wani yanki ta kauce ma wani. Irin wannan duba na teku ne ma ake yi ma daminarmu, har da na Atlantika.

Hunturun 2022 zuwa 2023 ya isa misali. Hasashen zango ya ce gaɓar gabashin Amurka ta fi karkata ga ɗumi. Kuma haka aka yi. A birnin Niyok dusar da ta sauka duk tsawon hunturun ba ta wuce santimita 6 ba, mafi ƙanƙanta tun da aka fara rubuta awo a 1869. Amma a cikin jaha guda, a birnin Buffalo, tazarar kusan Yamai da Maradi, dusar wannan hunturu ta haura mita 3. A Nuwamba kaɗai garin Hamburg da ke kudancin Buffalo ya samu kimanin mita 2 cikin ƴan kwanaki, alhali filin jirgin saman birnin, da ba shi da nisa, bai samu ko rabin haka ba.

Dalilin yana da sauƙin ganewa ga wanda ya taɓa ganin tururi na tashi daga tabki da sanyin safiya. Buffalo na bakin tafkin Erie. A farkon hunturu ruwan tafkin bai daskare ba, yana da sauran ɗumi. In iska mai tsananin sanyi ta taso daga Kanada ta bi ta kansa, sai ta kwashi tururi, ta juye shi dusa da zarar ta hau tudu. Kuma ba ta watsuwa ko'ina, layi take bi, siriri, kamar hadarin da ke jiƙa gonar wani ya bar ta maƙwabcinsa. Juyawar iska kaɗan ke sauya unguwar da za a binne. Babu na'urar da za ta faɗi haka tun Oktoba.

Sai ga ranar Juma'a 23 ga Disamba 2022. Wannan karon masu hasashe sun yi kwanaki suna gargaɗi. Iska ta wuce gudun kilomita 100 a awa, an yi kusan kwana ɗaya da rabi mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. An hana tuƙi da safiyar Juma'ar, amma lokacin mutane da yawa sun riga sun fita aiki ko sayayya. Sama da mutum 40 suka rasu a yankin. An tarar da wasu cikin motocinsu, wasu a hanya cikin dusa, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, wasu kuma zuciya ce ta tsaya suna kwasar dusa da shebur. Motocin asibiti da na ƴan kwana-kwana ma sun maƙale.

Nan ne hasashe na biyu ke shigowa, na kwanaki. Shi ake yi da tauraron ɗan Adam, da na'urar rada, da balan-balan da ake saki sama sau biyu a rana a tashoshin duniya, sannan manyan kwamfutoci su lissafa. A ƙiyasin NOAA, na kwana 5 yana dacewa kamar sau 9 cikin 10, na mako guda kamar sau 8, na kwana 10 ko fiye kuwa rabi-rabi ne. Don haka in kuka ga taswira mai jan launi na yawo a Facebook ko WhatsApp, wai nan da mako uku za a binne birni kaza, ku sani wani ne ya ɗauko lissafin kwamfuta ɗaya cikin da yawa, kuma mafi ban tsoro ya zaɓa. Gobe lissafin zai sauya, hoton kuwa ya riga ya isa ƙauye.

Ko hasashen kusa yana da wurin da yake tuntuɓe. Tsakanin ruwan sama da dusa digiri ɗaya ko biyu ne. A garuruwan bakin teku irin Niyok, in guguwa ta kauce da ƴan gomman kilomita, abin da aka ce dusa ce sai ya zo ruwa. Shi ya sa masu hasashe ke ba da tazara, su ce tsakanin santimita kaza da kaza. Direba mai hankali da babban adadin yake shiri.

Gargaɗin hukuma ma mataki-mataki ne. A Amurka akwai na "ku shirya, mai yiwuwa ne", wanda ke fitowa kwana ɗaya ko biyu kafin abin, akwai na "ya tabbata, ko ya riga ya fara". Ba a kiran guguwa babba don yawan dusa kawai: sai iska ta kai kilomita 56 a awa, gani ya kasa mita 400, kuma a yi awa uku a haka. Ku tuna ranar da hazo ya rufe Damagaram har jirgi ya kasa sauka, sai ku ƙara sanyin da ke daskarar da yatsa. A Faransa da launi ake yi tun 2001: kore, rawaya, ruwan lemo, ja. Sannan akwai adadi na biyu da ake faɗa kusa da digiri, wato sanyin da fata ke ji in iska na kaɗawa. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce in ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba na iya ƙonewa da sanyi cikin rabin awa ko ƙasa da haka.

Su ma can suna da nasu na gargajiya, kada ku ce mu kaɗai ke duban dawowar shamuwa. Akwai littafin kalandar manoma da ake bugawa tun 1792 mai faɗin yanayin shekara guda. Kuma kowace 2 ga Fabrairu, a wani gari na jahar Pennsylvania, ana fito da wata dabba mai kama da gafiya daga raminta. Wai in ta ga inuwarta, sanyi zai ƙara mako shida. Biki ne, kowa ya sani. A ganinmu shamuwa ta fi ta hujja, don ita aƙalla iskar damina take biyowa.

Akwai abu guda da muke son na gida su riƙa tuna ma na waje in an yi waya, don daga al'adarmu yake fitowa. Mu in ɗari ya matsa, kaskon gawayi muke shiga da shi ɗaki. Ko a nan yana kisa in an toshe ƙofa da taga. Ɗakunan can kuwa a liƙe suke, iska ba ta shiga. A Fabrairu 2021 sanyi ya faɗa ma jahar Texas, wadda ba ta saba ba, wutar lantarki ta ɗauke ma miliyoyin mutane na kwanaki, hukumomin jahar suka ƙirga mutum 246 da suka rasu. Cikinsu akwai waɗanda iskar guba ta kashe, don sun kunna gawayi, ko gurup, ko mota a rufaffen wuri don jin ɗumi. Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai ne da jiri da barci, shi ke nan. Haka wanda motarsa ta maƙale: in dusa ta toshe bututun hayaƙi kuma inji na aiki, gubar cikin mota take dawowa.

Mu ma mun ɗanɗana bambancin hasashen nan biyu a 2024. An faɗa tun kafin damina cewa ruwa zai yi yawa a Sahel, kuma ya yi. Amma ba wanda ya ce ma mutanen Maradi tun Afrilu ga daren da ruwa zai shiga gidajensu a ƙarshen Agusta, ko ya ce tsohon masallacin Birni na Damagaram zai rushe a farkon Satumba. Na zango yana sa a gyara magudana, a zaɓi iri. A can kuma a sayi rigar sanyi da tayoyin hunturu, a ajiye kuɗin ɗumama gida. Na kwanaki shi ke cewa yau kada ka fita.

Wannan na ƙarshen shi ke da wuya ga ƴan uwanmu. Mai taksi ko mai kai saƙo a keke, ranar da bai fita ba babu kuɗi, ga haya, ga na gida na jiran aike. Ranar dusa ma aiki ya fi yawa, don kowa na ɗaki yana so a kawo masa. Saboda haka in aike ya yi jinkiri cikin Janairu, ko waya ta yi shiru kwana biyu, ku fara tambayar sunan garin da yake da abin da hukumar yanayi ta garin ta ce. Ku aiko mana da sunan garin, za mu duba mu faɗa muku a shirin yamma, bayan hasashen ma'aikatar meteyo ta ƙasa. Ita Innar da ta kira mu, ɗanta ya buga mata washegari. Ruwan sama ne kawai aka yi a unguwarsu.