Rawani, alkyabba da kujera: Yadda ake karanta tsofaffin hotunan sarakunan Katsina

A ƙasar Hausa ba a saba zana fuskar sarki da fenti ba kamar yadda aka yi a Turai. Kirari da tambari ne ke sanar da ko shi wane ne. Da na'urar ɗaukar hoto ta iso tare da Turawa, sai ta tarar da fadar da ta riga ta tsara wa kowa tufafinsa da mazauninsa.

Sarki Muhammadu Dikko ne ya fi dacewa a duba. Yana Durɓi Turawa suka naɗa shi a 1906 bayan sun tuɓe Sarki Yero, mulki ya bar gidan Dallazawa ya koma hannun Sulluɓawa. Sabon gida na buƙatar a gan shi da kamannin sarauta, kuma a ganina wannan ne ya sa hotunan Dikko suka wuce abin ajiyewa don tunawa kawai.

A fara daga sama. Rawani mai kunnuwa biyu na sarki ne da jinin sarauta, attajiri komai dukiyarsa ba ya naɗa shi. Amawali na rufe baki, don sarki ba mai yawan magana ba ne, ba a kuma son a riƙa karanta abin da ke fuskarsa. Alkyabba kan hau bisa babbar riga, ta ƙara wa mutum faɗi har ya cika hoton. Sandar da ke hannu kuwa labarinta daban: Turawa ne suka riƙa miƙa ta ranar naɗi, saboda haka tana nuna iko, tana kuma tuna wa mai kallo wanda ya ba da shi.

Sai zama. A hoton fada sarki na tsakiya, a bisa, bayin sarki da fadawa na ƙasa, dogarai na tsaye a baya. Kafin ka tambayi sunan kowa, ka san wa ya fi wa.

Dikko ya je Hajji ya kuma ziyarci Ingila a 1921, bai ajiye rawaninsa ya ɗauki kwat ba. Wani ya riga shi yin haka da kusan shekara 190. Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu da ke Senegal ta yau, an sayar da shi bawa zuwa Amurka, daga baya ya isa Landan. Da William Hoare zai zana shi a 1733, ya nemi a yi shi da tufafin ƙasarsu: farar riga, rawani, da Alƙur'ani rataye a wuya. A kan allon, malami ne ɗan babban gida, babu alamar bauta ko ɗaya.

Jikokin Dikko ne ke Gidan Korau har yau. A hawan Sallah kuwa, dubban wayoyi ne ke ɗaukar Sarki Abdulmumini Kabir Usman, kuma fada ba ta da ta cewa kan kusurwar da kowa zai tsaya.