Sana'ar Nono da Gasar Kasuwa a Kudancin Birnin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani a kan matsayin ƙaramin makiyayi a kasuwar madara ta yau. An ɗauki misali daga Mahuta, unguwar da ke kudu da Kogin Kaduna a Ƙaramar Hukumar Chikun, daura da matatar man fetur. A irin wannan bakin gari, nonon ruga da madarar gari ta kanti suna neman kuɗin mai saye ɗaya.

2.0 Yadda Sana'ar Take

A al'adar Fulani, garke na maigida ne, amma nono da kuɗinsa na uwargida ne. Idan aka tatso madara aka bar ta ta kwana da manta, ta zama kindirmo. Idan aka kaɗa aka fitar da man shanu, abin da ya rage shi ne tsala. Waɗannan su ne mata suke kaiwa talla cikin ƙwarya tare da fura. Ke nan, faɗuwar kasuwar nono asara ce da take fara taɓa mata da cefanen gida.

3.0 Inda Ƙaramin Makiyayi Yake da Rauni

Na farko, ƙarancin tatsa. Saniyar Bunaji ba ta cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba, alhali saniyar Turai mai samun cikakken abinci takan haura lita 20. Na biyu, yanayi. Da damina nono yakan yawaita ya yi araha, da rani kuwa ciyawa ta bushe, tatsa ta ragu. Na uku, lalacewa. Madara ba ta jure zafi, sa'o'i kaɗan ne take tsinkewa idan babu na'urar sanyaya. Na huɗu, gine-gine da gonaki sun cinye burtali da makiyaya, ga kuma satar shanu. Ita kuwa madarar gari da ake shigowa da ita tana yin watanni a kanti, kuma ana sayar da ita a ƙananan ƙunshi daidai da aljihun talaka.

4.0 Inda Yake da Ƙarfi

Duk da haka, Bunaji ta fi shanun Turai jure zafi da cututtukan ƙasar nan, kuma iyali ne suke aikin ba tare da biyan lada ba. Bugu da ƙari, mai son fura da kindirmo ba ya gamsuwa da wanda aka haɗa da madarar gari.

5.0 Matakan Gyara

Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta fito a 1965, kuma makiyayar Ladduga da ke Kachia tana cikin fitattun wuraren da aka keɓe. An kuma kafa MILCOPAL, haɗaɗɗiyar ƙungiyar gama-kai ta masu nono a Kaduna, domin tattara madara daga rugage. Da irin wannan tsari ne Indiya ta zama kan gaba a duniya, bayan shirin da ta fara a 1970. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya taƙaita kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni 6, sannan ya janye matakin a 2024. A 2023 kamfanin Arla ya buɗe gonar shanu a Damau, Ƙaramar Hukumar Kubau.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa matsalar makiyayi ba rashin masu saye ba ce. Mai shanu goma ba zai iya sayen na'urar sanyaya ba, amma rugage hamsin za su iya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sharaɗin kawai shi ne kada sabon tsarin ya raba mata da kuɗin nononsu.

7.0 Auna Fahimta

1. Bambanta madara da kindirmo da tsala.
2. Kawo dalilai uku da suke raunana ƙaramin makiyayi a kasuwa.