Gwajin OSNA da Yaɗuwar Sankarar Cikin Mahaifa

Sankarar da ke tsirowa a shimfiɗar cikin mahaifa takan fara yaɗuwa ne ta kaluluwar ƙugu. A da, likitoci kan cire kaluluwa da yawa, abin da kan bar mace da kumburin ƙafa mai wuyar magani. Yanzu akan yi allurar rini a bakin mahaifa, sannan a ciro kaluluwar da rinin ya fara isa gare ta.

A gwajin OSNA, na kamfanin Sysmex na Japan, akan narkar da wannan kaluluwa, a ƙirga saƙon ƙwayar halitta mai suna CK19, wanda yawansa ke nuna sankara ta iso. Sakamako kan fito cikin kimanin minti 40, tun ana cikin tiyata. Sai dai kaluluwar da aka narkar ba ta dubuwa a madubin likita.