Manhaja Ɗaya, Waya Iri Biyu: Abin da Ke Jan Matasan Abuja zuwa Flutter da React Native

Duk inda masu rubuta manhaja suka haɗu a Abuja, ko a taron DevFest ko a Ventures Park, gardama ɗaya ba ta ƙarewa: a rubuta manhajar waya sau biyu, da Kotlin don Android da Swift don iPhone, ko a rubuta sau ɗaya ta hau duka biyun? Masu bin hanya ta biyu sai ƙaruwa suke yi, ta hanyar React Native da Facebook ya fitar a 2015 kan yaren JavaScript, da Flutter na Google mai amfani da Dart, wanda cikakken fitowarsa ta farko ta kasance a ƙarshen 2018.

Dalili na farko aljihu ne. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, duk abin da ake biya da dala ya yi tsada, kuma ƙwararren da ya iya Swift yana iya samun aikin ƙetare yana zaune a Gwarinpa. Ƙaramin kamfani ba zai iya riƙe rukuni biyu na ma'aikata ba.

Na biyu shi ne yanayin kasuwar birnin. Yawancin jama'a wayoyin Android irin su Tecno, Infinix da itel suke riƙewa, amma daraktan da zai sa hannu a kwangila sau da yawa iPhone ce a hannunsa, kuma a kanta yake son ganin aikin. Dole a gamsar da ɓangarorin biyu.

Amfanin a fili yake: aiki na fitowa da wuri, gyara ɗaya ya wadatar. Matashin da ya fito daga horon 3MTT, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, yana iya kai manhajarsa kasuwa shi kaɗai.

Sai dai araha ba ta ado. Irin waɗannan manhajoji sukan fi nauyi, kuma mai ƙaramar waya a Nyanya ko Kubwa, wanda ke lissafin data, shi ke ɗaukar nauyin. Haɗa manhajar iPhone har yanzu sai da manhajar Xcode a kan kwamfutar Mac, ga dala 99 da Apple ke karɓa duk shekara. In aiki ya kai ga kyamara ko na'urar POS, sau da yawa sai an koma Kotlin ko Swift. Kamfanin Airbnb ma ya bar React Native a 2018 saboda wahalar haɗa shi da abin da aka rubuta wa kowace waya daban.

Abin da ya fi damuna shi ne matasan da ke haddace Flutter ba tare da sanin yadda Android ke sarrafa batir da ma'ajiya ba. Ranar da yayi ya sauya, me za su riƙe? Masu horarwa su koyar da tushe tukuna, sannan a gwada kowace manhaja a kan waya mafi araha da ake sayarwa a kasuwar Banex kafin a ce ta kammala.