Shin Ko Kun San? Fijo 'Yar Kakuri

Shin ko kun san Fijo 504, wadda ta yi shekara da shekaru tana jigilar fasinja daga Kaduna zuwa Kano da Sakkwato, a Kakuri da ke Kaduna ake haɗa ta a da? A 1975 masana'antar Peugeot ta fara fitar da motoci a kudancin kogin Kaduna.

Ku ji wannan: a wancan lokacin ta sama kayan haɗin suke zuwa! Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA ne ke ɗebo su daga birnin Liyon na Faransa su sauke a Kano, manyan motoci su kwaso su zuwa Kaduna. Mota ta hau jirgi tun ba ta taka kwalta ba!

Kaya guda nawa ke jikin mota ɗaya? In aka ƙirga har da noti da ƙananan kusoshi, kusan 30,000. Dubu talatin fa!

Ku buɗe bonet ɗin 504 ku leƙa. Injin ba a tsaye yake ba, a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45. Fistin huɗu, fulogi huɗu. Idan injin yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kowane fulogi yana tartsatsa wuta sau 25 a daƙiƙa guda. Kafin ku ƙifta ido ya yi nasa ya sake! Zafin wutar da ke ci a ciki kuwa yakan haura digiri 2,000, zafin da ya isa ya narkar da ƙarfe. Ruwan lagireto da baƙin mai ne ke tsare injin. Shi ya sa direban kirki ba ya barin tasha sai ya duba su.

Tayoyin baya ne ke tura 504, ƙarfin injin yana bi ta giya da farfela ya isa gare su. Kuma kun san abin da kowace taya ke taɓawa na ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba? Birki, sitiyari, lodin fasinja da buhuna, duk a kan wannan ɗan wuri suka dogara.

Ga ta ƙarshe, ku kai wa bakanikenku. A Turai an daina ƙera 504 ta shiga tun 1983. Kakuri ba ta saki ba sai 2006. Shekara 23 ke nan a tsakani!