Awon Makaran Jini a Kan Nau'o'in Ƙwayar Korona Bayan An Warke

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Disamba na 2019 da ƙwayar cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin, babbar tambayar duk wanda ya kamu ya warke ita ce ko cutar za ta iya sake kama shi. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suka bi don neman amsa ita ce duba jininsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake yin wannan awo, da kuma dalilin da ya sa jinin mutum ɗaya kan bayar da amsoshi biyu masu karo da juna. An yi amfani da kalmar makari, jam'inta makarai, a madadin abin da likitoci ke kira antibodi, wato furotin ɗin da jiki ke ƙerawa domin ya kama wata baƙuwar ƙwaya ta musamman.

2.0 Abin da Makari Ke Kamawa

Jikin ƙwayar korona kewaye yake da wasu ƙayoyi na furotin. Kowace sarƙa ta wannan furotin tana da tubali 1,273, kuma da kan ƙayar ne ƙwayar ke maƙalewa a wata ƙofa mai suna ACE2 da ke jikin ƙwayoyin halittar hanci da huhu. Idan mutum ya kamu, cikin mako ɗaya zuwa uku makarai kan bayyana a jininsa. Sai dai ba duka ne ke da amfani iri ɗaya ba. Wasu kan kama gindin ƙayar, wasu kan kama furotin ɗin da ke ƙunshe a cikin ƙwayar, alhali kuwa mafi yawan waɗanda ke hana ta shiga su ne masu toshe kan ƙayar. A nan ne kuma ƙwayar ta fi yawan rikiɗa.

3.0 Hanyoyin Awo

Hanya ta farko ita ce awon kamu, wadda aka fi sani da ELISA, dabarar da Eva Engvall da Peter Perlmann suka bayyana a Sweden a 1971. Akan samu faranti mai gurabu 96, kamar gurabun dara, a shafa furotin ɗin ƙwayar a kowane gurbi, a zuba ruwan jini, sannan a wanke. Makarin da ya kama ba zai wanku ba, kuma wani sinadari zai sa gurbin ya sauya launi gwargwadon yawansa. Hanyar tana da sauri da arha, amma iyakar abin da take nunawa shi ne makari ya kama. Ba ta faɗin ko kamun ya hana ƙwayar aikinta.

Hanya ta biyu, awon karya lago, ita ce ta fi wuya, ita ce kuma ta fi kusa da gaskiya. Akan sirka ruwan jinin daki-daki: kashi ɗaya cikin 20, cikin 40, cikin 80, har zuwa dubbai. Kowane sirki sai a gauraya shi da ƙwaya mai rai, a zuba a kan shimfiɗar ƙwayoyin halitta, galibi irin da ake kira Vero, waɗanda asalinsu daga ƙodar wani biri na Afirka ne. Duk inda ƙwayar ta tsira ta yi ɓarna, sai tabo ya fito, a ƙidaya shi. Sirkin da ya rage tabon da rabi shi ne ma'aunin ƙarfin jinin. Alal misali, jinin da ya ci ƙarfin tsohuwar ƙwaya a sirkin 640, amma ya buƙaci sirkin 80 kafin ya ci sabon nau'i, ƙarfinsa ya ragu ninki takwas ke nan. Da yake wasa da ƙwaya mai rai sai a ɗakin gwaji mai tsananin tsaro, masana da yawa kan yi amfani da ƙwayar aro: wata ƙwaya marar haɗari da aka sanya wa ƙayar korona, aka kuma dasa mata sinadarin ƙwaron nan mai ƙyalli da dare, ta yadda shigarta za ta bayyana da haske.

4.0 Abin da Ya Faru a Afirka ta Kudu

Bambancin hanyoyin nan biyu bai fito fili sosai ba sai a ƙarshen 2020, lokacin da aka sanar da nau'in da daga baya aka raɗa wa suna Beta. Yana ɗauke da sauye-sauye uku a kan ƙayar, wato K417N da E484K da N501Y. Lambar tana nuna matsayin tubalin a sarƙar, haruffan kuma tsohon tubali da wanda ya maye gurbinsa. A farkon 2021, ayarin Penny Moore a Johannesburg ya gwada jinin mutum 44 da suka warke daga tsohuwar ƙwayar. A cikin 21 daga ciki, ba a ga alamar karya lagon Beta ba sam. Abin lura kuwa shi ne, a awon kamu makaran waɗannan mutane sun ci gaba da kama sabuwar ƙayar. Wanda ya tsaya a ELISA kaɗai zai yi wa mutanen nan albishir da kariyar da awo na biyu bai tabbatar ba.

Da aka juya gwajin, sai aka sami wani abin mamaki: jinin waɗanda Beta ta kama a Cape Town ya ci ƙarfin tsohuwar ƙwayar da kyau. Ashe kariyar ba ta tafiya daidai ta fuskoki biyu.

Omikron, wadda aka kai rahotonta ga Hukumar Lafiya ta Duniya a ranar 24 ga Nuwamba, 2021, ta zo da sauyi sama da 30 a ƙayarta. Rahoton farko daga ɗakin gwajin Alex Sigal a Durban ya nuna raguwa ninki 41 a jinin waɗanda suka karɓi rigakafin Pfizer. Bayan an ƙara yawan mutanen da aka gwada, adadin da aka buga ya koma ninki 22. Waɗanda suka taɓa kamuwa sannan aka yi musu rigakafi su ne suka fi sauran ragowar ƙarfi.

5.0 Matsalolin Awo

Sauyin 41 zuwa 22 ya isa ya nuna cewa bai kamata a riƙi alƙaluman nan kamar nassi ba. Mudun wannan ɗakin gwaji ba shi ne na wancan ba. Saboda haka a Disamba 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni na bai-ɗaya, daga haɗaɗɗen ruwan jinin mutum 11 da suka warke a Birtaniya. Amma shi kansa jinin tsohuwar ƙwayar ne, don haka amfaninsa ya ragu da nau'o'i suka yi nisa.

Akwai kuma matsalar da ta shafi wannan nahiya. An gwada jinin da aka adana tun kafin annobar a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, sai wani kaso ya nuna alamar makarin korona a awon kamu, abin da aka danganta da zazzaɓin cizon sauro da wasu dangin korona masu sa mura. Kayan awon da aka tace da jinin Turawa ba dole ne su faɗi gaskiya a Legas ko Maiduguri ba.

Lokacin ɗibar jinin ma yana da tasiri. Yawan makarai kan ragu bayan watanni, amma binciken ayarin Michel Nussenzweig a New York a 2021 ya nuna cewa ƙwayoyin da ke riƙe da tarihin cutar suna ci gaba da gyara makaransu har wata shida. Akwai kuma ƙwayoyin T, waɗanda ke taimakawa wajen hana cutar tsanani, kuma babu ɗaya daga cikin awon nan biyu da ke ganin su.

Zuwa lokacin da aka janye dokar ta-ɓacin cutar a ranar 5 ga Mayu, 2023, mafi yawan mutanen duniya sun riga sun haɗu da ƙayar korona, ta kamuwa ko ta allura, da yawansu fiye da sau ɗaya. Jiki kuwa kan fifita makaran haɗuwarsa ta farko, kamar yadda Thomas Francis ya bayyana game da mura a 1960. Samun jinin mutumin da nau'i ɗaya tak ya taɓa kamawa ya zama abu mai wuya, har masu zana taswirar nisan da ke tsakanin nau'o'i suka koma dogaro da jinin wata dabba dangin ɓera da ake kira hamsta, wadda ake sa wa nau'i guda da gangan.